Laimar Kwaɗi a Kokon Inna

Ɗan baffana ya gwada magani a kan uwata, ni kuma na riƙe masa ƙoƙon.

Zamanin dogon yajin aiki ne. An rufe jami'a a Lome inda yake karatun likita, ya dawo Sokode da tabarau da littafin rubutu. Ni ina jan mota tsakanin Sokode da Dapaong, ga ba fasinja. Ya ce in kai shi rugagen Tandjouaré ya tsinko laimar kwaɗi. Ba wadda ke fitowa a suri mata su sa a miya ba, ta kan kashin shanu yake so, wadda ko akuya ba ta ci. Wai akwai wani abu a cikinta da ke hana jiki tsufa. Inna gwiwa ta ci ta, a zaune take salla. Na yarda.

A zongonmu duk mai ba da magani sai ya lasa a gaban mara lafiya. Ko wanzami ya san haka. Da muka dawo ya shanya laimar ya daka, ya barbaɗa garin a koko, Inna ta dube shi tana jira. Ya yi dariya, ya ce mini da Faransanci wannan al'adar ƙauye ce. Ni da na tsaya a aji huɗu na lekol, kunya ta kama ni. Na ce, "Sha, Inna, ai ɗanki ne."

Kafin azahar tana gaisawa da matattu. Ta ce bango na numfashi, ta ce marigayi babanmu na kiranta daga bakin kasuwa. Na tafi ɗebo ruwa in shafa mata. Shi yana zaune yana rubuta abin da take faɗi, har ta fice bai tare ta ba. Ranar kuwa matasa sun tare titi, jandarmomi na harba hayaƙi mai sa hawaye. Masu gudu suka tattake ta. Wata biyu ta yi a kwance, har ta cika ba ta sake gane ni ba.

Bara na gan shi a tashar Dapaong, kai duk furfura. Ya riƙe ni yana murna, wai ko na ji Turawa na gwada sinadarin laimar nan a kan tsofaffin ɓeraye, ashe shi ya riga su gani.

Na zare hannuna. Na ce, "Dokta, su da ɓera suka fara. Kai da Inna ka fara, ita da ta goya ka. Har yau kuma ba ka lasa ba."