Wanda Ke Ba Dogon Yaro Ruwa

Na yi shekara talatin ina tuƙin kamyo, babbar motar kaya, na ga yadda ake raba iyaka a wurare da yawa. A ƙauyukan Maraɗi gamba ake dasawa tsakanin gona da gona, a Tamanrasset kuwa dutse ake jerawa. A unguwarmu ta Arlit, tsofaffin gangunan ƙarfe muke buɗewa mu kafa, kuma iska na tura su kaɗan-kaɗan ba wanda ya lura.

Jikin irin wannan shinge marigayiya matata ta dasa dogon yaro. A garin da ake sayen ruwa bido-bido, wato jarka-jarka, ta raine shi da ruwan alwala da na wanke-wanke har ya yi inuwa.

Shekara shida bayan rasuwarta na dawo daga Assamakka da hantsi, na tarar da tubala jibge a ƙofar maƙwabcina, mutumin garin Tawa, ga gatari jingine jikin itacen.

"Baba, katanga zan yi," in ji shi. "Iccen ga cikin filina yake."

"Tun kana goye yake nan."

"Tsufa ba takarda ba ce, Baba."

Na ɗauke gatarin na riƙe. Ya miƙo hannu, na ƙi saki. Mun daɗe a haka, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa, har maƙwabta suka kira mai unguwa.

Mai unguwa bai saurari kowa ba, ya ce a tono turken ƙarfen da aka kafa ran da aka yanka filayen. Aka yi ta haƙa cikin rana. Da shebur ya bugi ƙarfe aka ja igiya zuwa ɗaya kusurwar. Itacen ya faɗa wajen maƙwabcina da taƙi ɗaya. Na miƙa masa gatarinsa.

"Dakata," in ji mai unguwa. "Ƙasa taka ce. Amma a garin nan itace na mai ba shi ruwa ne. Alhaji, kai kake ba shi?"

Da na ce e, ba mai ƙaryata ni. Amma ni kullum ina kan hanya, ban taɓa zuba masa ko moɗa ɗaya ba, ban kuma taɓa tambayar kaina abin da ya hana shi bushewa ba.

"Ba ni ba ne," na ce.

Maƙwabcina ya gyara riƙon gatari. Sai muryar matarsa ta fito daga bayan shinge.

"Ni ce. Tun da Hajiya ta kwanta ciwo ta bar mini amanarsa. Kullum safiya ta ƙarƙashin ƙarfen ga nake zuba mishi."

"Da ruwan da nake saye?" in ji mijin.

"Da wanda ka yi wanka da shi, Malam."

Wani ya yi dariya, ya yi maza ya haɗiye. Mai unguwa ya tambaye ta ko a sare. Ta ce a'a.

An yi katangar bisa igiya, itacen ya koma gidansu. Yanzu kansa kawai nake gani. Amma da la'asar inuwarsa cikin gidana take faɗowa, nan nake shimfiɗa tabarma. Sauran ruwan alwalata kuwa gindin katangar nake zuba shi.