Motar Matar Farfesa

Ni dai yawo na yi shi. Aikin malamin gona ya kai ni Maiduguri, ya kai ni Fatakwal, har Yamai na taɓa kwana a tasha ina gadin buhunan iri. Kuɗi ban tara ba, amma zargi na tara shi buhu-buhu. In mutum ya cika yi mini fara'a, sai na shafa aljihu. Uwargidana takan ce ko ruwa aka ba ni sai na ɗaga kofin na leƙa gindinsa.

To, shekarar da man fetur ya yi tashin nan da kowa ya ji a jikinsa, a shekarar ce ƙaramar motata ta yi mana kaɗan. Yara sun girma, ƙafafu sun yi tsawo, ga tsohuwata ta dawo wurinmu Samaru da zama. Ranar Lahadi sawu biyu nake yi zuwa coci. In Kirsimeti ya zo za mu gida kudancin Kaduna, sai an raba iyali, rabi su bi motar haya. Muka ce a sayar da ita, a haɗa da ɗan abin da muka ajiye, a sayi babba mai layi uku. Saye ɗaya za mu yi. In aka kuskure, sai dai mu koma hawa keke.

Ta farko a Sabon Gari na gan ta, wurin wani dillali ɗan Ibo, haifaffen unguwar Jushi, wanda Hausarsa ta fi tawa gishiri. Da ya ji daga Samaru nake sai ya naɗa ni Dakta, don a wurinsa duk wanda ya fito daga Samaru, unguwar jami'a, Dakta ne. Motar 'yar Japan ce, ruwan toka, shigowar Kwatano, otomatik, silinda shida, ƙofarta ta gefe irin wadda ake ja. Da ya faɗi kuɗin sai da na nemi benci.

Na ce, "Tana shan mai?"

Ya ce, "Dakta, tana sha. Amma da ladabi take sha."

Na ɗora hannu a kan bonet, na ji ɗumi. Na ce a raina, yawwa, an tayar da ita tun kafin in iso don kada in ji tarin safe. Da na tambayi dillalin, ya ce zafin rana ne. Ban yi musu ba. Washegari na zo da sassafe ban gaya wa kowa ba, ana cikin share fili, na ce a ba ni makulli. Murɗa ɗaya ta tashi, ba hayaƙi, ba kakari. Wani zai yi murna. Ni kuwa sai na tsaya ina tunanin wa ya gaya masa zan zo.

Ana cikin haka sai ga waya daga yayan uwargida. Wannan ba ƙaramin suruki ba ne. Shi ya tsaya a matsayin uba ranar aurenmu, tsohon hedimasta, dattijon coci, yana zaune a Muchia. Ni ma Yaya nake ce masa, kuma har yau in ya kira ni a waya sai na ga na miƙe tsaye.

Ya ce, "Na ji kana neman mota. Kada ka ba kowa ko kwabo. Allah ya kawo mana wata har gida."

Wani da suke coci ɗaya ne ya kawo masa ita. 'Yar Jamus ce, fara, giyar hannu, silinda huɗu, mai sai dai ta shinshina. Kuɗinta ko kusa da na waccan bai kai ba. Wai ta matar wani farfesa ce, za ta tafi wurin 'ya'yanta ƙasar waje, kuma tun da aka sayo ta ba inda take zuwa sai coci da kasuwa.

Ni matar nan na san ta. Na haɗu da motarta a Jos, na haɗu da ita a Ilori, a Kwatano ma an taɓa nuna mini wata tata. Duk garin da ka je tana can tana shirin tafiya wurin 'ya'yanta, kuma ba a taɓa ganin fuskarta ba. Amma wannan ba maganar da ake faɗa wa Yaya ba ce.

Nan fa na shiga uku. Ba a ciniki da suruki. Ba za ka kuma ɗauki bakanike ka kai ƙofar gidansa ya kwanta ƙarƙashin motar da ya riga ya yaba, don ka ce masa maƙaryaci ke nan a gaban unguwa. In na saya ta zama rubabbiya, ajiyarmu ta tafi. In na ƙi, na raina mutumin da ya ba ni mata.

Uwargida ta ce, "Baban yara, ka san dai in ka ƙi, ni za a kira a tambaya."

Na ce, "In ta mutu mana a hanyar Kachia fa?"

Ta ce, "Sai mu tura. Kai dai ba ka yarda da kowa ba. Ranar aurenmu ma ina gani kana ƙare wa zoben kallo."

Na lallaɓa wurin bakanikena na ba shi labari. Ya ce in sayi 'yar Japan, kayan gyaranta ko da tsakar rana ka rufe ido ka shiga Sabon Gari za ka taka su, ita kuwa 'yar Jamus in ta fara zafi da ciwon wayoyin wuta sai ka tsani kanka. Na dube shi na ce lalle dillali ya yi masa alkawarin la'ada. Da ya ga fuskata sai ya gyara, ya ce amma gaskiya a tsadar man nan 'yar Jamus ba ta da laifi. Na ce a raina, ato, so yake in riƙa kwana a garejinsa. Na fito ban ƙaru da komai ba.

Ranar Asabar na je Muchia. Ga ta nan a ƙofar gida tana ƙyalli, Yaya na tsaye gefenta kamar ranar rabon kyaututtuka a makaranta. Fenti sabo. Rigar kujeru sabuwa. Robar birki da ta kulochi sababbi fil, abin da ya sa na tambayi kaina me ya cinye tsofaffin a hanyar coci. Na yi kamar takalmina nake gyarawa, na zura hannu ƙarƙashin kujerar baya. Sai ga ɓawon rake, busasshe, cike da tafin hannu. Matar farfesa dai tana shan rake, kuma a layin ƙarshe take zama ta sha. Na mayar da shi inda na same shi.

Na ce, "Yaya, but ɗin fa?"

Ya ce, "Ba ya buɗuwa yanzu. Makullinsa daban ne, yana wurin Madam."

Ba zan iya cewa zan gwada ta ba, sai na bi ta hanyar da ba mai ƙi. Na ce, "Yaya, da mun kai ta Samaru Mama ta gani ta sa mata albarka."

Ya ji daɗin wannan. Ya miƙo makulli, ya shiga gaba ya gyara zama.

Gaskiya tana da ja. Ka taɓa totur kaɗan ta zabura. Sai dai sandar giyar tana yawo kamar muciya a tukunyar talge, ka nemi ta uku ka tarar da kanka a ta biyar. Yaya yana ta nuna mini allurar mai, wai in duba ko ta motsa. Ba ta motsa ba. Ban dai sani ba ko tana motsi ma.

Muka iso Kwangila, wurin gadar nan da motocin haya ke lodi. Keke ya tare gaba, tirela ta tare gefe, dole na tsaya. Sai wani ɗan kamasho, ƙato, da tawul a wuya, ya zo wucewa yana kiran Kano. Ya wuce mu, ya tsaya, ya dawo da baya. Ya leƙa lamba, ya leƙa gilashin gaba. Sai ya ƙwala ihu.

"Kai! Ku zo ku gani, wallahi ita ce! An yi mata wanka!"

Kafin in ɗaga gilashi mutum uku sun kewaye mu suna shafa ta kamar ɗan'uwa ya dawo daga tafiya.

"Alhaji, kai ka saye ta? Ka yi sa'a! Wannan ai ba ta san gajiya ba. Kano safe, Kano yamma."

Yaya ya yi gyaran murya irin ta hedimasta. Ya ce, "Samari, kun yi kuskure. Wannan motar gida ce."

"Baba, motar gida? Mu da muka yi shekaru muna cusa mata mutum huɗu a tsakiya?"

Wani ya ce, "Injin nan ma sabo ne, Baba, bai daɗe ba. Tun da ta faɗa rami a hanyar Kano aka sauke na biyun."

Yaya ya ce motoci suna kama da juna. Mai tawul ya zagaya baya, ya sa gwiwa ya danna but ɗin ta gefen hagu, ya kai masa naushi ɗaya. Sai ga but ya buɗe baki. Ta madubi na hango igiyar ɗaure kaya a naɗe a ciki, wari kuwa na albasa da busasshen kifi ya taso ya cika motar. Wata mata da ke tsaye da buhu ta ga an buɗe, ta fara jawo kayanta tana tambaya saura mutum nawa.

Allah ya taimake ni hanya ta buɗe. Mai tawul ya rufe but da wani naushin, ya ce in gai da direbanta in na gan shi.

Daga Kwangila har Samaru ni ina kallon titi kamar ranar na fara ganinsa. Yaya yana kallon gwiwoyinsa. Sau ɗaya na saci kallonsa, na ga leɓensa na motsi, ban sani ba ko addu'a yake ko lissafi.

Muka isa gida. Tsohuwata ta fito da sandarta, ta dafa motar, ta yi addu'a doguwa, ta roƙi Allah ya saka wa baiwarsa matar farfesa da alheri, ya kai ta wurin 'ya'yanta lafiya. Ni da Yaya muka ce amin da ƙarfi. Ya ƙi tsayawa cin abinci. Ya karɓi makulli ya tafi, kuma na lura ba ta Kwangila ya nufa ba, ya bi ta wata hanyar.

Na gaya wa uwargida komai. Ta ce, "Cutarsa aka yi."

Na ce, "Wataƙila."

"Wane irin wataƙila? Yaya ne fa!"

Na ce na sani. Amma zuciyata ba ta bar ni ba. Bai ga fentin ba ne? Bai taɓa tambayar inda Madam take ba? Ko shi ma an ce masa akwai ɗan abin shan ruwa in ciniki ya faɗa? Fansho ba ya isar kowa yanzu. Sai kuma in tuna yadda fuskarsa ta yi a Kwangila, in ji kunyar tunanina. Kwanaki suka wuce, bai kira ba, ban kira ba. Uwargida ta daina yi mini wasa a kan zargi, abin da ya fi damuna ke nan.

Rannan sai ya aiko in zo. Na tarar da shi a falo da babbar riga, kamar mai jiran baƙi daga nesa. Muka gaisa, ya tambayi Mama, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya dubi silin.

Ya ce, "Wato Madam ta yi waya. Ta fasa sayarwa. Za ta bar wa 'yarta."

Na ce, "Kash! Yaya, ga shi har mun sa rai."

Ya ce, "Haka Allah ya so."

Na ce, "Mota mai kyau kuwa."

Ya ce, "Tana da ja."

Muka ɗan yi jimamin rashinta tare. Matarsa ta kawo kunun zaƙi, muka sha. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ita waccan ta yaron Jushi, in tana nan, je ka ɗauka. Amma ka tafi da bakanike. Ya shiga ƙarƙashinta sosai, kada ka ji kunyar kowa."

Na ce to, Yaya. Ita ɗin ce kuwa a ƙofar gidana yau, kuma ban taɓa tambayarsa abin da ya sani da abin da bai sani ba.

Ya rako ni waje. Inda farar motar ta tsaya, baƙin mai ya zuba ya yi tabo faɗin faranti, wani ya watsa yashi a kai bai rufe duka ba. Yaya ya taka ya tsaya daidai wurin, ya haɗa ƙafafunsa, ya miƙo mini hannu. Na karɓa da hannu biyu, na ɗaga kai sama na ce da alama yau za a yi ruwa. Ya ce da alama.