Fitilar Baba Ɗantani a Tsohuwar Rijiya

Baba Ɗantani na Dandin Mahe da yasar rijiya yake ci da iyalinsa. Kafin ya sauka yakan zura fitila da igiya, in ta mutu, ya san iskar ciki ba ta da kyau.

A ƙarshen mulkin farar hula, da fari ya haɗu da tsadar hatsi, manoman albasa suka kira shi ya yashe wata tsohuwar rijiyar fadama. An daɗe ana zuba mata kashin shanu da ƙaiƙayi, ruɓar ta tara iska mai kama wuta.

"Ɗana, mutuwar hwitila aka koya muna tsoro," ya ce mini da yake ba ni labarin daga baya. "Da na zura ta na ga ba ta mutu ba, shi ya sa na leƙa."

Wuta ta taso ta same shi a fuska. Tun ranar bai ƙara gani ba.