Jan Fenti a Bishiyar Kakana

Da safe, kafin a fito da tumaki, za ka hango Inna Gizela ta nufi daji, gwangwanin jan fenti a aljihu, gilashin ƙara girma rataye a wuya. Ba ta kallon sama. Gindin bishiyoyin smrek, dogayen nan masu ganye kamar allura, take bi da ido, tana neman wani gari ja-ja kamar na kofi. In ta gan shi, ƙwaro ya shiga ɓawo ke nan. Sai ta shafa fenti, masu zarto su kayar tun 'ya'yan ƙwaron ba su yi fiffike sun bazu a dajin ba. Haka take tun ba a haife ni ba. Watan nan ta ajiye aiki.

A ƙauyenmu na Orava ba mai murnar ganinta a filinsa. Bara sai ga ta bayan gidanmu, gindin smrek ɗin da kakana Vendelin ya shuka da marigayiya matarsa shekarar aurensu. Ina taga ina kallo.

"Gizela," in ji Kaka, "kika taɓa bishiyar nan da fentinki, ni da ke har abada."

"Tun muna aji ɗaya kake faɗin haka. Matso ka gani."

"Ganyenta kore shar. Kin makance ne?"

"Kai ma ai ga ka tsaf, amma likita ya hana ka gishiri."

Ba ta ciro fentin ba. Wuƙa ta sa ta ɓare ɓawo kaɗan. A ciki ga hanyoyi sirara kamar zanen ɗinki, itacen kuma ya fara yin shuɗi-shuɗi. Ta kamo ƙwaro ɗaya, bai fi ƙwayar shinkafa ba, ta miƙa wa Kaka gilashin.

Ya daɗe a sunkuye. "Mene ne waɗannan a bayansa? Motsi suke."

"Fasinjojinsa. 'Yan mitsi-mitsi ne kamar kaska. Shi da su duk ɗauke suke da irin funfuna. Shuɗin nan funfunar ce, tana toshe hanyar da ruwa ke bi ya hau sama."

"To wa ya kashe min ita, ƙwaron ko funfunar?"

"Ni ma abin da nake tambaya ke nan. Shi ya sa nake aika su birni a kwalba, masu bincike su duba. Abin da na sani, in ta kai sabon wata a tsaye, sai ƙwarin su faɗa dajin maƙwabtanka."

Kaka ya dubi dajin, ya dubi bishiyar. Ya miƙa hannu. Na ɗauka gilashin zai mayar, ashe gwangwanin yake so. Da kansa ya shafa.

Inna Gizela, ke ce kike da ikon shafawa ki yi tafiyarki, amma kika tsaya tsoho ya gani da idonsa. Ke ce aka rufe wa ƙofa sau da yawa, washegari kuma kika dawo da gaisuwa. Mai duban gindin bishiya, dajin maƙwabtanmu yana nan kore.

Aka kayar da bishiyar. Masu katako ba sa son itace mai shuɗi, sai Kaka ya sassaƙa benci da shi. Yanzu a kansa suke zama shi da Inna da burodi da cukun tumaki, suna gardamar wa ke ɗauke da wa, ƙwaro ko fasinja. Gilashin ma ta bar masa. Jiya ya kai mata wani ƙwaro a gidan ashana, wai ta duba ko na ɓarna ne. Ta ce na taki ne, ya mayar inda ya samo.

Mun gode, Inna. Ku kuma da za a ba gwangwanin bayanta, kafin ku shafa wa bishiyar wani fenti, ku kira mai ita, ku ɓare ɓawon a gabansa.