Beatrice ba ta koma Kaduna ba

Ku da kuke cewa ba mai rubuta manhaja a Birnin Gwari, ku zo bayan tasha ku ga Beatrice. Cajin waya take yi a shago da sola. Kodin kuwa, wato rubuta manhaja, a wata tsohuwar laftop ta koya wa kanta.

Ita ta haɗa wa direbobi manhajar hanya. Wanda ya fara ratsa daji ya turo "lafiya lau" ko "a dakata", laftop ɗinta ta raba wa sauran.

Sai abu ya fara sandarewa. Sabis ya ɗauke ya dawo, waya na aiki, manhaja shiru. Ranar nan "a dakata" bai isa ba sai da motocin Gayam suka tashi. Allah ya tsare. Baba Wakili, shugaban tasha, ya zo shago da kansa.

"'Yata, kafin kasuwa ta zagayo ki gyara, ko mu koma kiran waya."

"Baba, kiran da ba ya shiga?"

"Ya fi naki da ke barci."

Ta tono matsalar. Kafin saƙo ya fita, sai an tambayo lambar da ke bayan sunan sabar, wato kwamfutar da saƙon ke bi ta kanta, don intanet lamba ya sani. Laburaren, wato shiryayyen kodin na wasu da ta ɗora manhajar a kai, ba ya jiran aiki ɗaya, yana sakin wannan ya kama wancan. Amma tambayar suna, wasu 'yan aike ƙalilan yake miƙa wa, kuma wanda ya tafi ba a iya kiransa ya dawo. Sabis na ɗaukewa duk su maƙale, saƙonni su yi layi a baya.

Ta yi tambaya a wani zauren masu kodin a intanet, wani ya ce ta koma Kaduna, inda ake da sabis mai kyau.

"A Kaduna dajin yake?" ta rubuta masa.

Ta sauya mai tambayar da wanda ake iya katsewa, ta sa manhajar ta riƙe lambar da ta sani ta ƙarshe. Ta hau acaɓa da laftop har Gayam, inda sabis ke zuwa yana tafiya, ta yini tana gwadawa.

Ranar kasuwa Baba Wakili ya leƙo, wayarsa na ƙara a aljihu, saƙonnin direbobi na ta shigowa.

"Abin naki ya hana ni sakat."

"Kashewa zan yi, Baba?"

"Ki taɓa ki gani."