Tebur Ba Durowa Ba Ne

Kafin mai gyaran agogo da ke ƙasa ya buɗe shagonsa, Malama Sake ta riga ta hau benen. Matakala goma sha bakwai ce, kuma yanzu sai ta tsaya a ta tara ta numfasa. A sama ɗaki ɗaya ne mai taga biyu, da kwamfuta takwas, da fanka mai ƙara kamar injin niƙa. Takan yaye ƙyallen da ke kan kowace kwamfuta ta ninke, ta bi tsakanin madannai da tsohon buroshin haƙori, sannan ta kunna su ɗaya bayan ɗaya tana saurare. Wadda ke nawar tashi ta san ta, kuma ba ta zaunar da mai gajen haƙuri a gabanta.

Shekara ashirin da biyu ke nan tana wannan. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin, don idonta ya fara gajiya da ƙananan haruffa.

Ba sunan yanka ba ne Sake. Kalmar da ta fi fita daga bakinta ce. Ka buga wasiƙa ka kawo mata kana murmushi, ta duba ta ce, "Sake." Ka gyara ka dawo, ta nuna wani waƙafi da farce ta ce, "Sake." Abin da take koyarwa ba wani abin ban tsoro ba ne: buga wasiƙa, jera bayanai layi-layi, aika saƙo, da ajiye aiki inda za a same shi gobe. Amma ba ita ke ba da takardar shaida ba. Jami'i ne ke zuwa daga hukumar jarrabawa, ya zauna ya sa ido, ya tafi da aikin kowa. Takardar da ke fitowa daga nan ita masu ɗaukar ma'aikata ke yarda da ita.

Ba na yabon mutum don ya daɗe a wuri. Wasu sun daɗe ne suna ɓarna. Kuma na san akwai masu sayar da takardar shaida ga wanda ko kunna na'ura bai iya ba, su tura shi ofis ya je ya kunyata kansa da iyalinsa. Abin da ya ja hankalina ga wannan mata wata al'ada ce tata da na kasa gane kanta. Idan ma'aikaci ya zo koyo, ba ta zaunar da shi gaban kwamfuta sai ta fara zuwa wurin aikinsa, ta yi rabin yini a zaune a gefe, shi yana koya mata nasa aikin. An gan ta a ɗakin ajiyar magani tana tambayar me ya sa wannan kwali yake sama, wancan yake ƙasa. An gan ta a shagon tela tana duba littafin awo. Mai gyaran agogo ya rantse ya taɓa ganin ta dawo da baƙin mai a gefen mayafi, daga gareji take. Me malamar kwamfuta take nema a gareji?

Da aka tambaye ta, ba ta ja magana ba. "Ku je ku tambayi Baba Mai-fayil. Shi ya koya mini, kuma sai da na kusa raba shi da aikinsa."

Baba Mai-fayil yana nan da ransa, yana zaune a ƙofar gidansa yawancin safiya. A lokacin da abin ya faru shekarunsa hamsin da huɗu, talatin daga ciki ya yi su a ɗakin fayil na wani kamfanin jigilar kaya. Sai aka manna sanarwa a allon ofis: duk ma'aikacin da bai kawo takardar shaidar iya kwamfuta ba kafin ƙarshen shekara, za a sallame shi. Saura masa shekara huɗu ya kai ga fansho. Kuma jarrabawa biyu kacal suka rage kafin wa'adin.

Ranar da ya fara hawa benen, ya jira ɗalibai suka watse, sannan ya rage murya.

"Malama, tsakanina da ke, babu wata 'yar gajeriyar hanya?"

"Akwai, Baba," in ji ta. "Matakalar da ka hau. Sauka ta fi hawa sauri."

Ya ce a ransa wannan mata ba ta da kunya. Amma ya ja kujera ya zauna.

Ya ba kowa mamaki. Ya fara da yatsa biyu kamar kaza na tsattsagar hatsi, kafin wata biyu yatsunsa goma suna aiki. Wasiƙarsa ba ta da kuskure, don mutumin da ya shekara talatin yana karanta wasiƙun wasu ya san yadda ta ƙwarai take. Sai dai akwai abu ɗaya da bai taɓa yi da hannunsa ba, kuma bai san bai yi ba. Idan ya gama bugu, sai ya miƙe ya gyara hula. Ita kuwa Malama, da take jin nauyin furfurarsa, sai ta bi ta bayansa ta danna wurin ajiyewa a ɓoye. Matasa tana ce musu "Sake" har su yi gumi. Shi ba ta taɓa faɗa masa ba, ko sau ɗaya. A ganinta girmama shi take yi.

Ranar jarrabawar farko shi ya riga kowa gamawa. Ya karanta aikinsa daga sama har ƙasa, ya gyaɗa kai, ya miƙe, ya kashe kwamfutar daga jikin bango, yadda yake kashe fitilar ɗakin fayil idan zai tafi gida. Jami'in ya zo ya kunna, ya duba nan ya duba can.

"Baba, ina aikinka?"

"Yana ciki, ɗana. Yanzun nan na bar shi."

"Babu komai a nan."

"Duba da kyau. Takarda ba ta da ƙafa."

Babu komai ɗin. Ya faɗi.

A gida, matarsa ta tarye shi da ruwa da tsokana, yadda ta saba tun da ya fara karatun. "Sannu da zuwa, ɗan makaranta. An ba ku hutu ne?" Da ta ji abin da ya faru, ta ajiye kofin. "Kai? Kai da rasit ɗin kekenka na kafin aurenmu yana nan a akwati? Kai ne ka ɓatar da takarda?"

"Ba ni na ɓatar ba. Na'urar ce ta cinye."

"To sai ka je ka faɗa wa masu sallamar ma'aikata haka."

Kwana uku bai hau benen ba. A rana ta huɗu Malama ta rufe ɗakinta da tsakar rana, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tafi kamfanin. Niyyarta ta lallashe shi ya dawo. Aka nuna mata wani ɗaki a ƙarshen baranda, babu taga sai ƙwan fitila, kabad-kabad na ƙarfe jere har rufi. Ya ba ta kujera a daddafe, ya ci gaba da aikinsa kamar ba ta nan.

Ta zauna tana kallo. Wani direba ya leƙo yana neman takardar wata mota da aka sayar shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Baba Mai-fayil bai ko ɗaga kai sosai ba. Ya yi taku uku, ya ja durowa ta biyu daga ƙasa, ya zaro. Sannan ta lura da wani abu. Duk takardar da ta shigo hannunsa ba ta minti biyu a kan tebur. Zai rubuta mata lamba a kusurwa, ya sa ta a fayil, ya sa fayil a durowa, ya tura durowar da gwiwa har sai ta ce ƙwas. Teburinsa fayau, kamar ba a aiki a kansa.

"Baba, me ya sa ba ka barin komai a kan tebur?"

Ya dube ta kamar ta tambaye shi me ya sa ruwa ke jiƙa mutum. "Tebur ai ba wurin kwana ba ne, Malama. Wurin aiki ne. Mai shara yana shigowa da yamma. Abin da ya tarar a kan tebur, ya zama nasa."

Sannan ta ce, "Baba, abin da kake gani a fuskar kwamfuta, tebur ne. Kashe ta kuwa, shigowar mai shara ce."

Ya ajiye biro. "Tebur ne?"

"Tebur ne."

"To ina durowar?"

"Ita nake tura maka kullum bayan ka tashi."

"Wato wata biyu ina barin takarda a kan tebur, ke kina bin bayana kina kwashewa, ba ki faɗa mini ba?"

"Na ji nauyinka ne."

"Kin cuce ni, Malama."

"Na cuce ka, Baba."

Ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Na ga malamai da yawa da ɗalibi ya faɗi su ce daƙiƙi ne, ko tsufa ya kama shi. Kaɗan na gani da suka tsaya a gaban ɗalibi suka ce laifinsu ne. Kuma ku dubi irin laifin. Ba mugunta ba ce, ladabi ne da aka ajiye a inda bai dace ba. Muna yawan yin haka: mu ɓoye wa babba kuskurensa don kunya, mu bar shi ya je ya faɗi a gaban baƙo. Wannan ba girmamawa ba ce, tsoro ne.

Washegari ya hau benen da ɗan littafinsa na jerin kabad. Suka gina ɗakin fayil ɗinsa a cikin kwamfutar, kabad bayan kabad, durowa cikin kabad, fayil cikin durowa, da lambobinsa yadda ya saba. Shi ke faɗa, ita ke tambaya. A ranar ta ce masa "Sake" sau goma sha ɗaya, yana ƙirgawa. Wani lokaci yana tsakiyar bugu sai ta miƙa hannu ta kashe na'urar babu gargaɗi, ta ce, "Mai shara ya zo." Sau biyu ya yi asarar shafi guda, ya yi tsaki har matasan ajin suka sunkuyar da kai suna dariya. A karo na uku ya jingina da kujera ya ce, "Ya zo a banza. Na riga shi."

Jarrabawa ta biyu ita ce ta ƙarshe kafin wa'adin. Dokar hukuma ba ta bar malami ya shiga ɗaki ba, don haka Malama ta zauna a kan matakala. Mai gyaran agogo ya ce ta tambaye shi ƙarfe nawa har sau biyar, alhali akwai agogo a hannunta. A ciki kuwa, wata ɗaliba da ke kusa da shi ta ce duk bayan layi biyu sai ta ji teburinsa ya motsa. Yana danna ajiyewa da yatsa, gwiwarsa tana tura durowar da babu ita.

Jami'in nan ne dai ya sake zuwa. Ya tsaya a bayansa. "Baba, yau ina aikinka?"

"Kabad na ɗaya, durowa ta biyu, lamba bakwai. Akwai kwafi a durowa ta uku, ko da wani abu."

Ya ci. Ya kai takardarsa ofis saura kwana tara wa'adi ya cika. Ya ƙarasa shekarunsa huɗu, kuma da kamfanin ya tashi mayar da tsofaffin fayiloli cikin kwamfuta, matasan da suka fi shi saurin bugu wurinsa suke zuwa tambayar inda za a sa me. Da na nemi ganin takardar shaidar, na zaci zan gan ta a jikin bango cikin gilashi. Ya shiga ɗaki, bai yi minti ɗaya ba ya fito da ita cikin fayil, da lamba a kusurwa.

Tun daga wannan rana Malama ba ta sake koya wa ma'aikaci komai ba sai ta ga yadda yake nasa aikin. Ta ce kowa yana da tebur da durowa a sana'arsa, aikinta ta je ta nemo su. Abin da ya kai ta gareji ke nan.

Malama, ke ce kika ƙi nuna gajeriyar hanya ga mai gaggawa. Ke ce kika rufe ɗakinki da tsakar rana kika bi dattijo har inda yake ɓoye kunyarsa, kika zauna a gabansa a matsayin ɗaliba. Uwar masu yatsa biyu, gidaje nawa ne ake ɗora tukunya a cikinsu yau saboda kin ce wa wani "Sake"? Ba ki ƙirga ba, kuma babu wanda ya ƙirga miki. Mun gode. Allah ya ba idon nan hutu, ya saka miki da alheri.

Ku kuma masu koyarwa, ko kwamfuta ko ɗinki ko tuƙi, ku tashi daga kujerunku ku je ku ga abin da ɗalibinku ya riga ya iya. Idan ya yi kuskure ku faɗa masa a fuskarsa, ko da ya haife ku. Kai kuma ma'aikacin da sanarwa ke jira a allon ofis, kana cewa ka tsufa da koyo, ka daina yaudarar kanka. Ɗakin ba zai rufe ba, wata tsohuwar ɗalibarta ce za ta karɓa, kuma an riga an gan ta a shagon wani kafinta tana tambayar yadda yake jera katako. Matakalar goma sha bakwai ce. Baba Mai-fayil ya hau ta da furfurarsa, ya faɗi, ya sake.