Inna Kadi Mai Lawashi ta Kirkissoye

Inna Kadi ba ta zubar da ruwan alwalarta. A tsohon kwano take tara shi, da ta idar da sallar asuba sai ta zaga bayan ɗakinta a Kirkissoye, ta shayar da albasa mai lawashi da ta shuka a fasassun tasoshi da gwangwanayen tumatir. Ganyen da ya kai ta yanke, ta bar saiwar ta sake tofo. Wani ta kai kasuwar Harobanda, wani ta daka ta shanya ya zama gabu na miya. Haka muka taso muka same ta. Bana gwiwoyinta sun ƙi, ba ta iya durƙuso, aikin ya koma hannun jikokinta. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi abin da ta yi tun tana ji da kunnenta.

Shekarar da fari ya koro mutanen Zarmaganda, suka kafa bukkoki a bayan unguwarmu, sojoji kan zo da kamiyo, babbar motar kaya, su raba jar dawa. Dawa kaɗai, ba mai, ba kayan miya. Manya su runtse ido su haɗiye, yara kuwa su kau da kai.

Cikinsu akwai Yelwa, wadda mijinta ya tafi Abijan neman aiki ya bar ta da ƙaramar ɗiyarsu Ramatu. Ƙyanda ta saki yarinyar, amma bakinta ya mutu, ko kunu aka ba ta sai ta tofar. Inna ta iske su a bakin famfo, Ramatu goye, wuyanta ya langaɓe.

"Ɗiyata, me take ci?"

"Ba ta cin komai, Inna. Na gaji da ɗura."

"Kawo dawar taki gidana."

Ibrahim tela, maƙwabcinta, yana ƙofar shagonsa lokacin da suka shigo. Inna ta ɓarza dawar ta turara dambu, ta soya lawashi da ɗan man gyaɗan da ya rage mata a kwalba, ta cakuɗa. Ta zauna gaban yarinyar tana ci da kanta, ba ta ce mata ci ba. Ramatu ta daɗe tana kallo. Can sai ta miƙo hannu. Ibrahim ya ce kukan da Yelwa ta fashe da shi ne ya sa ya ajiye ɗinki ya leƙa.

Washegari mata suka cika ƙofar gidan. Inna ta san tukunyarta ba za ta ci da su duka ba, sai ta shiga tumɓuke shukarta, tana ba kowacce saiwa cikin gwangwani. Ibrahim ya ce mata, "Inna, da wannan fa kike ci." Ta amsa da Hausarta mai gardin Zabarmanci, "Ni bakina bai mutu ba, Ibrahim." Har damina ta faɗi ba ta kai ko ƙulli ɗaya kasuwa ba. Jar dawar nan ita ma ta ci, gaya, ranakun da babu.

Ba duka yaran ne suka rayu ba, kuma Inna ba ta yarda a ce ita ta ceci kowa. Amma Ramatu tana nan, bana ta shiga lakwal, makarantar boko.

Inna, ke ce uwar baƙi. Ke ce kika tsaya kika tambayi matar da kowa ke wucewa ya bar ta a bakin famfo. Mun gode. Allah Ya sassauta miki ciwon gwiwa, Ya sa abin da kika ciyar ya tsaya miki ranar da babu mai tsaya wa wani.

Mu kuma, fari bai yi mana alkawarin ba zai dawo ba. Wanda ke da taku ɗaya na ƙasa a gidansa ya shuka abin miya, in ya tofo ya leƙa katangar maƙwabci ya tambaya ko yaran gidan sun ci.